Yadda za ka yi amfani da kalmar "fast" ba tare da tuntuɓe ba

Da farko, ka daina ɗauka cewa "fast" sauri kaɗai take nufi. A tsohon Turanci, na kafin shekarar 1100, "fæst" ake rubuta ta, kuma ana faɗar ta ne ga abin da ya kafu daram, ko motsi ba ya yi. Jamusawa har gobe suna cewa "fest" da wannan ma'ana. To yaya aka yi kafaffe ya koma mai gudu? Ta hanyar dagewa. Wanda aka ce ya "run fast", asali ana nufin ya dage da gudu bai sassauta ba, daga nan sauri ya shigo.

Na biyu, kafin ka fassara ta, dubi maƙwabciyarta a jimla. Nan ne ɗalibaina suka fi faɗuwa. Na taɓa ba su "the baby is fast asleep", kusan rabin aji suka rubuta min wai jariri ya yi saurin barci. Ina! Barcinsa ne ya yi nauyi, ko ganga ka kaɗa ba zai farka ba. Tsohuwar ma'anar ce ta leƙo. Ita ce a "fasten your seat belt", wato ɗaura bel ɗinka tamau, ita ce kuma a "fast colours", launin atamfar da ba ya zuba a wanki. Azumi ma "fast" ne, don mai azumi riƙe kansa yake yi. Shi ya sa abincin safe ya zama "breakfast", karya azumin dare, kamar dai yadda muke cewa karin kumallo. In kuwa aka ce agogonka "is five minutes fast", gaba ya yi da minti 5.

Na uku, kada ka liƙa mata "ly". Ka ce "he drives fast", ka tsaya nan. "Fastly" da ake ta yawo da ita a WhatsApp jan biro take ci a hannun mai maki.

Sai kuma ka raba ta da "quick". Abin da ke tafe da gudu, mota ko doki ko ɗan tsere, "fast" ne. Abin da aka gama cikin ɗan lokaci, wanka ko amsa ko leƙa maras lafiya, "quick" ne. Ni dai ina ganin "fast food", wato abincin sayarwa da ake haɗawa nan take, ta saɓa wannan ƙa'ida, amma haka masu harshen suke faɗa, sai ka haddace ta a haka. Ita ma "quick" ɗin da can "mai rai" take nufi, shi ya sa Turawa suka kira zaiba "quicksilver", azurfa mai rai, saboda yadda take silalewa in ta zuba.