Ku raba kuɗin kaya da kuɗin hannu

Salamu alaikum 'yan'uwa masu karɓar kwangilar gini, tayil, fanfo da wayarin. In za ku yi wa mai gini lissafi, ku rubuta kuɗin kaya daban, kuɗin hannu daban, sannan ku sa a ƙasa cewa farashin kayan na kwana 7 ne kawai. Kowa ya shaida yadda siminti da rodi ke tashi cikin mako guda. In kun yanka kuɗi dunƙule, daga aljihunku za ku cike giɓin, ga leburori na tsaye da yamma suna jiran sallama.

Abin da ya fi karya ƙananan 'yan kwangila kuwa shi ne ɗaukar kafin alƙalamin Alhaji wane a ƙarasa aikin Hajiya wance. Wallahi ku guji wannan, rami ne mai wuyar fita. Kowane aiki a ware masa littafinsa. Duk buhun da aka saya, a ɗauki hoton rasit a tura wa mai gini ta WhatsApp a ranar.

In ya ce a ƙara taga ko a sauya tayil, kada a taɓa cebur sai an yi sabon ciniki ya amsa a rubuce.