Darasi na 9: Idan Turbo Yana Yoyon Baƙin Mai

A garejin Garwa, Marwa da Kusiri, har zuwa Injamena, ba a rasa Land Cruiser mai injin 1HZ. Injin dizal ne mai silinda 6, lita 4.2, kuma Toyota ba ta yi shi da turbo ba, wato na'urar da hayaƙin injin ke juyawa don ta tura masa ƙarin iska. Akwai masu mota da ke ɗora masa turbo daga baya, don ya samu ƙarfin jan kaya a hawa irin na dutsen da ke kan hanyar Garwa zuwa Ngaundere. Wasu kuma sukan cire ƙaramin turbon da motarsu ta zo da shi su sa babba. Ba a jima ba sai ga mai mota ya dawo: baƙin mai na ɗiga a ƙasa, salansa na fitar da shuɗin hayaƙi. Da yawa nan take sai su ce turbon ya mutu. Sau tari lafiyarsa ƙalau, hanyar fitar mai ce ta samu matsala.

Turbo yana da hanyar mai guda biyu. Ta sama siririya ce, famfon injin ne ke turo mai ta cikinta da ƙarfi, domin sandar turbo tana juyawa fiye da sau 100,000 a minti ɗaya. Ta ƙasa mai faɗi ce, kuma babu abin da ke tura mai a cikinta. Nauyinsa kawai ke saukar da shi zuwa kwanon mai da ke ƙarƙashin injin. Ga shi kuma ba ya fitowa tsararo, yakan fito da kumfa, kumfa kuwa tana cin wuri. Kamar kwata ce da damina: in ta ƙuntata ko ta toshe, ruwa cikin gida zai koma. Abin da ke tare mai a cikin turbo ƙananan zobban ƙarfe ne, ba roba ba. In mai ya taru ya cika cikin, zai bi ta gefensu ya wuce.

Kafin a taɓa sifana, a bar injin ya huce, don turbo yana ƙona hannu ƙwarai. A wanke wurin tas, a goge, a tada injin na ɗan lokaci, sannan a haska da tocila. A nemi wuri mafi tsawo da ya jiƙe. Mai ƙasa yake bi, saboda haka inda yake ɗiga ba lalle nan ne yake fita ba. Wani lokaci notin hanyar sama ne ya saki, mai ya gangaro, a ɗora wa ta ƙasa laifi.

In a bakin bututun ƙasa ne, inda noti biyu suka riƙe shi a jikin turbo, a kwance a duba. Yaran gareji suna da wata al'ada: da sun ga yoyo sai su ƙara ɗaurewa. Maigida yakan ce, "Kai yaro, bari! Ƙarfi ba ya gyara gaskit." Gaskiyarsa ne. Ɗauri fiye da kima yana lanƙwasa bakin ƙarfen, tsakiya ta ɗaga, yoyo ya ƙaru. A ɗora bakin a kan gilashi a leƙa: in haske yana wucewa ta ƙarƙashi, ya lanƙwashe. A shimfiɗa samfefa a kan gilashin, a riƙa goga bakin a hankali har ya daidaita, a wanke garin ƙarfen, a sa sabon gaskit, wato siririn abin da ake sawa tsakanin ƙarfe biyu don hana yoyo. A ɗaure notin bi da bi, wannan kaɗan, wancan kaɗan. Gam kuwa ba na ba da shawararsa a nan. Wanda ya matso ta ciki yakan rage faɗin ramin, ko ya ɓalle ya shiga kwanon mai.

Sai tiyon hanyar ƙasa. Tiyon ruwa ba ya jure baƙin mai, kumbura yake yi ya yi laushi. Wanda ya kusanci salansa kuma bushewa yake ya tsage, balle a zafin Maris da Afrilu da ke wuce digiri 40. A sa tiyon da aka yi don mai da zafi, faɗin cikinsa kada ya gaza milimita 16. Ya sauka tun daga sama har ƙasa, ba karyewa, ba kwanciya, ba inda ya ɗan hau. In mai walda ne ya huda kwanon mai ya sa masa baki, a tabbata ramin yana sama da inda mai ke tsayawa. In ya nutse cikin mai, na sama ba zai samu wurin sauka ba. Cika baƙin mai ya wuce alamar sandar awo ma haka yake jawowa.

Idan duk wannan daidai ne amma hayaƙi bai tsaya ba, a duba tiyon numfashin injin. In ya toshe, ko ringin fistan ya cinye, iska na taruwa a cikin injin ta hana mai sauka. A duba filtar iska kuma: ƙurar hunturu in ta toshe ta, turbo yakan zuƙo mai ta gefen da yake shan iska. Turbo mai boris kuwa, wanda sandarsa ke juyawa a kan ƙananan ƙwallayen ƙarfe, baƙin mai kaɗan yake so, shi ya sa ake sa masa noti mai ƙaramin rami, kimanin milimita 1, a hanyar sama. Turbo mai bushi, wanda sandarsa ke juyawa cikin zoben ƙarfe maimakon boris, galibi ba ya bukatar wannan, kuma rage masa mai na iya kashe shi.

Aikin gida: ku je garejin da ke kusa da ku, ku roƙi maigidan ya nuna muku turbo a jikin mota. Ku zana hanyar mai ta sama da ta ƙasa a littafinku, ku rubuta sunan kowace, ku auna faɗin tiyon ƙasa ku rubuta da lamba.