Abin da ake sa wa gyambon mai ciwon suga, da abin da ba a sa masa

Aikina wankin ciwo ne a wani ƙaramin asibiti a nan Jos, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu masu ciwon suga ne suka fi cika mini benci. Sanyin garin nan ne sila. Dattijo ya miƙa ƙafa kusa da kaskon gawayi, ko a ɗumama masa ruwan alwala babu wanda ya sa hannu ya ji zafinsa. Suga ta daɗe tana kashe jijiyoyin ƙafar, don haka ba zai ji ƙuna ba, sai da safe a ga bororo. Wasu kuma faso ne ya tsage, ko sabon takalmi ya ci yatsa. Duk wanda ya zo tambayarsa ɗaya ce: "Sista, wane magani za mu riƙa shafawa?"

Kafin a yi maganar shafawa, a iya wanki. Ku wanke hannu da sabulu, ku sa safar hannu in da hali. Ruwan da ya dace shi ne nomal salin, ruwan gishirin nan na ƙarin ruwa mai kashi 0.9 cikin ɗari, ana samunsa a kemis. In babu, a tafasa ruwa lita ɗaya da gishiri ƙaramin cokali biyu a shafe, a bari ya huce, a yi sabo kullum. In tsohon goz, wato ƙyallen asibiti na rufe ciwo, ya manne, a jiƙa shi har ya saki da kansa. Fizge shi yana tafiya da sabon naman da aka yi kwanaki ana jira. A zuba ruwan a kan ciwon, a share daga tsakiya zuwa baki, goz ɗaya shara ɗaya. Auduga tana barin zare a ciki, a bar ta. Kada a jiƙa ƙafar a cikin baho, fata takan yi laushi ta ƙara buɗewa.

Abin da ya fi ɗaga mini hankali shi ne in kwance tsumma in tarar da ciwo ya yi shuɗi da jibi (GV, ruwan maganin nan mai rina fata), an barbaɗa masa garin kafso ya daskare ya yi ɓawo. Daga sama kamar ya bushe. Ina ɗaga ɓawon sai mugunya ta biyo, ramin ya yi zurfi a ƙarƙashi. Jibi yana rufe launin nama, ba za a gane ja ne mai rai ko baƙi ne matacce ba. Sifirit, haidirojin (ruwan nan mai kumfa in an zuba a ciwo) da ruwan wanke ƙasa suna ƙone ƙwayoyin naman da ke tofowa. Man ƙuraje da na bilicin masu sinadarin siteroyid suna hana ciwo haɗewa, suna ba ƙwayoyin cuta dama. Toka, man birki da garin magani da ba a san abin da ke ciki ba, don Allah a nisanta su da ƙafar mai suga.

To, me ake sawa? Ciwon ne yake faɗa. In yana da tsabta, jajir, ba wari, ba ya buƙatar magani mai kashe ƙwayoyin cuta. Goz mai man baselin ya isa, a ɗora busasshe a sama, a naɗe da bandeji ba matsewa. Ana so ya zauna da 'yar danshi, kada ya bushe ƙamas, kada kuma ya jiƙe sharkaf. In ya bushe da yawa akwai haidirojel mai sa masa laima. In yana zubar da ruwa sosai akwai abin rufi na aljinet ko mai kama da soso da ke shanyewa.

In ciwon ya fara ƙazanta a sama, likita kan rubuta aidin irin Betadine na ɗan lokaci, ko abin rufi mai sinadarin azurfa. Mai ciwon maƙoƙo ko na ƙoda ya faɗa kafin a sa masa aidin. Dermazin an fi sa shi a ƙuna, kuma bai dace da wanda jikinsa ba ya karɓar magungunan salfa ba. Man metronidazol yana rage wari. Amma cutar da ta shiga nama ko ƙashi, man shafawa ba ya kai mata, sai maganin sha ko allura.

Zuma kuwa, ban taɓa raina ta ba, kuma ana aiki da ita a asibitoci. Sai dai wadda aka tanada don ciwo an tace ta an kashe ƙwayoyin cikinta, ta kasuwa kuma sau da yawa an haɗa ta da narkakken sukari. Ƙungiyar masana ƙafar masu suga ta duniya, IWGDF, a ƙa'idojinta na 2023 ba ta ba da shawarar a dogara da zuma don warkar da irin wannan gyambo ba. In za a sa, a sa da sanin mai duba ciwon.

Akwai na zamani. Becaplermin, wanda Amurka ta amince da shi a 1997, man shafawa ne mai zaburar da nama ya tofo, ana ajiye shi a firji, ga tsada. Akwai kuma abin rufi mai sinadarin sucrose octasulfate. A wani bincike kan wannan abin rufin da aka wallafa a 2018, kashi 48 cikin ɗari na waɗanda aka sa wa sun warke cikin mako 20, waɗanda ba a sa wa ba kashi 30. Dukansu ana sa su ne bayan an yanke mataccen nama kuma babu cuta a ciwon.

Wannan yankan aikin asibiti ne. Kantar da ke zagaye bakin gyambo da farin nama ko baƙi, ba a taɓa su da reza a gida.

Abin da nake yawan roƙon iyalai a kai shi ne a ɗauke wa ƙafar nauyi. Gyambon tafin ƙafa da ake takawa kullum kamar gini ne da ake yi da rana a rushe da dare. Na san wuya ce a ce wa Alhaji ya bar shagonsa a Taminus, ko a ce wa Mama ta daina zirga-zirgar tsakar gida, amma sai an yi. Sandar dogarawa, takalmi na musamman ko simintin da likita zai ɗaura, duk wanda ya samu. Sallah ma a yi ta a zaune, a tambayi malamai hukuncin alwala da bandeji. Sugar safe kafin a ci komai a nemi ta zauna tsakanin 80 da 130 a ma'aunin mg/dL, ko yadda likita ya tsara. A ci wake, ƙwai da kifi, mai shan taba ya bari.

Duk mako a ɗauki hoton ciwon a waya da ruler a gefensa. In an yi mako 4 bai ragu da rabi ba, a koma wurin likita a duba gudun jini da ƙashi. Amma in ja ya bazu fiye da santimita 2 daga bakin ciwon, ko ƙafa ta kumbura ta ɗau zafi, ko yatsa ya fara baƙi, ko zazzaɓi ya zo, ko suga ta ƙi sauka, ba a kwana. A tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) a Lamingo, ko Plateau Specialist, ko Jankwano a ranar, a riƙe duk magungunan da mara lafiyar yake sha da waɗanda aka shafa, a kuma tambaya ko yana buƙatar allurar tetanus.