Yadda za ku nuna ciwon sarki a diraman tarihi

Samarinmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi masu haɗa diraman tarihi, abu ɗaya ke ɓata mana aiki wallahi, da an zo rashin lafiyar sarki sai a shafa masa hoda, ya yi tari cikin hankici a nuno jini, kashi na gaba an lulluɓe shi da farin ƙyalle. Mai kallo ba ya jin komai don bai ga mutumin yana raguwa ba.

Ku fara da sanin wane ciwo ne, don kowane ciwo da inda yake kama mutum. Sarki Henri na takwas na Ingila ya faɗo daga doki a 1536, gyambon ƙafa ya dame shi, ya yi ƙiba sosai, bai mutu ba sai 1547, kenan shekara 11 darakta ke da su na nuna shi yana nauyi yana ƙara zafin rai. Sarki Joj na shida na Ingila kuwa sigari ne ya jawo masa ciwo, an cire masa huhu ɗaya a 1951 ya mutu 1952, nasa numfashi da murya za a bi. Sultan Sulaiman na Daular Usmaniyya ciwon gaɓoɓi ya sa a yaƙinsa na ƙarshe a 1566 galibi a keken doki aka ɗauke shi, ya rasu cikin tanti a Hangari, wazirinsa ya ɓoye rasuwar makonni don kar rundunar ta watse.

To sai ku zaɓi abubuwan da jarumin ke yi cikin sauƙi tun farko, ku nuna su da kyau, sannan ku riƙa ƙwace masa su ɗaya bayan ɗaya. Da yana hawa doki da kansa, yanzu sai dogari ya tallafe shi, can gaba dokin ma a ɗaure yake ba mai hawa. Sallah ita ce ta fi taɓa ni, daga tsaye zuwa zaune zuwa kwance yana nuni da kai, duk wanda ya yi jinyar tsoho a Zango ya san wannan kuma ba sai an sa kiɗan tausayi ba. Hannu yana rawa wajen naɗa rawani, tuwo ya dawo ba a taɓa ba.

Kar jarumi ya kashe kansa da yunwa don ya rame, ku sa tela ya ɗinka riga iri ɗaya kashi biyu, ta baya ta fi girma, wuyan ya yi masa yawa. Kuma tunda ba a jere ake ɗaukar fim ɗin ba, a samu mutum ɗaya da littafi yana rubuta wace ƙafa ce ke ɗingishi, kar yau hagu gobe dama.

Mutanen fada su ma aikinsu ne. Sarki ba zai ce ina jin jiki ba, a ce ranka ya daɗe ya jiki, ya ce da sauƙi alhamdulillah, fadawa su sunkuyar da kai, a faɗa wa baƙi yana hutawa, 'ya'yan sarki kuma sun fara ƙus-ƙus a zaure.

Maganin ma ya dace da zamanin. In labarin kafin zuwan Turawa ne, ba ƙarin ruwa ba allura, rubutun sha ne da sassaƙe da wanzami da ƙahonsa, ku je ku tambayi tsofaffin wanzamai yadda ake kafa shi kafin ku kunna kamara.