Ga 'yan uwa masu tsoron tallata kayansu a waya

Assalamu alaikum 'yan uwa mata. Akwai masu turaren wuta, ɗinki da cincin a cikinmu da har yau ba sa ɗora kayansu a waya, don tsoron a ƙwace musu lamba ko a yaɗa hotonsu. Tsoron ba na banza ba ne, amma yana da magani.

Fara da WhatsApp tukuna, ki bar Facebook da TikTok sai hannunki ya faɗa. Shiga saitin asusunki, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu (two-step verification), wato ƙarin tsaro ga asusun, ki zaɓi lambobi 6 da ke kaɗai kika sani. Sau da yawa ɓarayin WhatsApp kira suke yi, su ce za a sa ki a taron ƙungiya ko tallafi, ki karanto musu lambobin da suka shigo miki ta tes. Lambobin nan su ne makullin ɗakinki. Ko da sunan yayarki aka zo, kada ki bayar.

Fuskarki ma ba dole ba ce ta fito. Ɗauki hoton kwalbar humra da hasken safe, ki rubuta farashi, ki ɗora a sitatus. Bayan awa 24 zai sauka da kansa, kuma ke ce mai zaɓar wa zai gani. In kunyar surukai ce matsalar, cire su kawai daga masu ganin sitatus ɗinki, ba za su sani ba.

Mai zagi ko maganar banza, toshe shi, ba sai kin tanka ba. Kuma kada kaya su bar hannunki sai kin ga kuɗin a asusun bankinki, don ana turo alat na bogi.