Saka esi a tsohuwar a-kori-kura: kurakuran da aka fi yi da gyaransu

Duk wanda ya taɓa tuƙa tsohuwar a-kori-kura da rana tsaka ya san abin da ke kai mutum neman esi. Gidan direba ƙarami ne, ƙarfe ta ko'ina, ga inji dab da ƙafarka. Ana iya saka mata, ta kuma yi sanyi har ka nemi ragewa. Abin da ke ci mini rai shi ne yadda mutum zai sayi kaya nagari, bayan wata biyu sanyi ya gudu, a ce masa gas ne ya ƙare, a ƙara, ya sake gudu. Gas ɗin esi ba ya ƙonewa kamar fetur. In ya ragu, ƙofar fita ya samu, kuma galibi tun ranar haɗawa aka bar masa ita.

Aikin esi kwasar zafi ne daga cikin gida a kai shi gaban mota a zubar. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa kuskure mafi girma yake faruwa a kwandansa, wato faifan da ake kafawa gaban lagireto. Mutane kan zuba kuɗinsu a kwamfureso, wato famfon da ke matsa gas yana tura shi cikin bututu, su ɗauko duk kwandansar da ta zo hannu, wata ma ƙarama ce da aka ciro daga ƙaramar mota. Zafi ya zo bai samu wajen fita ba, matsi ya hau, sanyi ya faɗi. Auna faɗin gurbin da ke gaban lagireto, ka sa mafi girman da zai shiga, kuma ka nemi irin ta zamani mai siraran bututu jere da juna, domin ta fi tsohuwar mai bututu ɗaya da ke lanƙwashe-lanƙwashe saurin zubar da zafi. Tiyon da ya fito daga kwamfureso ta sama zai shiga, gas ɗin da ya zama ruwa ya fita ta ƙasa. Ana juya wannan fiye da yadda kake zato.

Ita ma kwandansar sai da iska. In ka ji sanyi a kan hanya, amma da ka tsaya ya ɗauke, kada ka taɓa gas tukuna, fanka za ka duba. Tsofaffin motoci da yawa fankarsu a buɗe take, babu murfin da ke tilasta iska ta bi ta cikin lagireto, sai ta riƙa jan iska daga gefe. Sa mata murfi, ko ka ƙara fankar lantarki. Kuma tuna cewa yanzu iskar da ke isa lagireto ta riga ta yi ɗumi. Lagireton da ya shekara 30 da tsatsa a cikinsa, wanda da ƙyar yake riƙe inji, ba zai ɗauki wannan ƙarin ba. A wanke shi ko a sake shi kafin a fara, don kada garin neman gira a rasa ido: ka samu sanyi a gida, inji ya tafasa.

Sai maganar gas da mai. Motocin da aka ƙera kafin wajajen 1994 da gas ɗin da ake kira R12 suke aiki, wanda yarjejeniyar Montreal ta 1987 ta sa aka daina yinsa saboda illarsa ga sararin samaniya, R134a ya maye gurbinsa. Wasu kan tsinto tsohon kwamfureso da tiyoyi daga mushen mota, su ɗura sabon gas a kai. Matsalar ita ce man kwamfureso tare da gas yake yawo a cikin bututu, shi kuwa R134a ba ya ɗaukar tsohon man da R12 ke ɗauka. Man sai ya kwanta a wani lungu, kwamfureso ya yi ta juyawa a bushe har ya cije. Man da ya dace shi ne PAG ko ester, gwargwadon da maƙerin ya rubuta. Sabon kwamfureso irin na kamfanin Sanden yakan zo da mansa a ciki, don haka duba kafin ka ƙara, mai da yawa ma rage sanyi yake yi. Tsofaffin tiyoyi da zobban roba kuwa a zubar da su. A sa tiyo mai rufin ciki da aka yi don sabon gas, da korayen zobba, a shafa wa kowanne ɗan mai kafin a ɗaure.

Yanzu ga wurin da na fi so a tsaya. Akwai 'yar tukunyar da ake kira diraya, cikinta ƙwayoyi ne masu shan laima. Da zarar an cire murfinta ta fara sha daga iskar waje. Wanda ya buɗe ta da safe ya ajiye, ya ɗaura da yamma, ya riga ya cika mata ciki. Ita ce ta ƙarshe da ake haɗawa, kuma sabuwa ake sawa. Bayan an haɗa komai, dole a sa famfon zuƙe iska ya yi aiki minti 30 zuwa 45, allurar geji, wato agogon auna matsi, ta sauka kusan 29, sannan a rufe a jira a ga ko za ta motsa. In ta motsa, akwai yoyo, a nemo shi kafin a ɓarnatar da gas. Masu gaggawa sukan tsallake wannan, su ce gas zai kore iskar. Gas yana iya korar iskar kaɗan, laima kuwa tana nan. Za ta je ta daskare a bakin bawul, wato 'yar ƙofar da gas ke bi ya shiga akwatin sanyi, ka ji sanyi ya zo na minti goma ya ɗauke, ka kashe ka huta ya dawo. Mafi muni, tana haɗuwa da gas da mai ta zama asid mai cin ƙarfe daga ciki. Wajen gwajin yoyo da matsi, busasshen naitirojin ake amfani da shi. Kada ka yarda wani ya jona tukunyar iskar oksijin ta masu walda, haɗuwarta da mai fashewa ce.

Ɗura gas ma da sikeli ake yi. Cika shi fiye da kima na ɗaga matsi, ya rage sanyi, har ruwan gas ya iya komawa kwamfureso ya fasa shi. In tsohon tsarin R12 aka mayar, ana sa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 na tsohon awon. A kuma sa makunnin matsi a layin, wanda zai yanke wa kwamfureso wuta in gas ya tsiyaye ko matsi ya wuce iyaka. Ƙaramin abu ne, amma shi ke ceton babban.

Mariƙin kwamfureso, a yi shi da ƙarfe mai kauri, fulinsa ya yi daidai da na inji. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar fulin biyu ka gani. Ɗan karkata kaɗan ya isa fambel ya riƙa kuka yana cinyewa. Inji mai kafireta kuma a ɗan ɗaga masa silo, in ba haka ba zai riƙa mutuwa duk lokacin da kwamfureso ya kama.

Wuta ita ce wadda ake mantawa sai an ji ƙaurin waya. Altanetar tsofaffin motoci da yawa ba ta wuce amp 35 zuwa 60, an yi ta ne don fitila da hon da goge gilashi. Fankar gida da ta gaba kaɗai suna iya cinye rabin wannan. Kada a jona su a wayar makulli ko ta rediyo. Rewaya ya jawo waya mai kauri daga batir, da fis ɗinta da rile, a kuma sa altaneta mafi girma in lissafi bai kai ba.

Bayan duk wannan, wani zai ce iskar da ke fitowa da sanyi, amma gidan bai yi sanyi ba. Ɗaga shimfiɗar ƙasa ka duba. Bangon da ke tsakaninka da inji cike yake da ramukan waya da aka bari a buɗe, robar ƙofa ta mutu, salansa na gasa ƙasan kujera, rufin sama falle ɗaya ne. Toshe ramukan, sake robobin, shimfiɗa abin tare zafi a ƙasa da sama, ka tabbata ruwan zafi ba ya bi ta hita in an kashe ta. Shi kuma akwatin sanyi da ke ƙarƙashin dashbod gumi yake yi, don haka a fitar masa da ɗan tiyo mai gangara zuwa ƙarƙashin mota. In ka tsaya da esi a kunne ba ka ga ruwa na ɗiga a ƙasa ba, leƙa ƙarƙashin shimfiɗa, yana can yana cin ƙarfen motarka.