Yadda na cire ragowar fayilolin tsohon Office

Bayan na koma Office 2016, foldar Office14 ta 2010 tana nan zaune cikin C:\Program Files (x86)\Microsoft Office, ga wuri ya yi ƙaranci. Disk Cleanup, manhajar Windows mai share fayilolin da ba a buƙata, bai ko taɓa ta ba.

Sai na buɗe Control Panel, na shiga Programs and Features. Ashe Visio 2010, wata manhajar zane ta Microsoft, yana nan, kuma da wannan foldar yake aiki. Na cire shi da Uninstall, na sake kunna kwamfuta, na mayar da sunan foldar zuwa Office14.old don in gwada ko wani abu zai daina aiki. Word, Excel da Outlook duk suka buɗe lafiya, sannan na goge ta. Foldar Office16 kam ban kusance ta ba, ita sabon Office ɗin yake amfani da ita. Alhamdulillahi, hankali ya kwanta.